Warin da ke Rijiyar Hajiya Rabi

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
6 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga 'yata Basira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Fatakwal da ruwan samanta? Mu nan da sauƙi, sai Innarki Saude da jiri ya sa gaba tun damina.

Na san za ki yi mamakin wannan takarda. Rabonmu da haɗuwa tun rasuwar mahaifinki, kuma ni ba mai zumunci ba ne, kowa ya shaida. Amma kakanki da mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma an ce mini aikinki auna ruwa ne a ɗakin gwaje-gwaje na masu binciken malalar mai. A duk danginmu ke kaɗai ce za ki gane abin da zan faɗa. Ban kira ki a waya ba don maganar waya iska ce. Abba, direban babbar motar da ke lodi a Sabon Gari, shi zai kawo miki wannan da gora ɗaya ta ruwa.

Ga maganar. Shekara huɗu da suka wuce Alhaji Garba, mai gidan man da ke bakin layinmu, ya haƙa rijiyar burtsatse tsakanin gidan man da masallaci, sadaka ga mahaifiyarsa Hajiya Rabi, Allah ya ji ƙanta. Famfon gwamnati ya bushe tun kafin ki yi aure, don haka a nan kowa yake sha. A nan 'yan ga-ruwa suke cika jarkoki, a nan ake alwala. Tun bara nake jin wari a ruwan, wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi irin na fetur. Shekara talatin da biyar ina koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare, hancina bai yi ritaya tare da ni ba. Zargina tankin man da ke binne a ƙasa ya huje.

Na faɗa a majalisar ƙofar masallaci. Malam Lawan, limaminmu, ya ce, "Malam Muntaka, iska ce take kwaso warin gidan mai, ba ruwan ba ne." Wani tela ya ce, "Ruwan sadaka ai ba ya cutarwa." Wani kuma ya ce a hankali, amma don in ji, wai hassada ce, tunda Garba ɗalibina ne, na kayar da shi jarrabawa sau biyu, yau ga shi da gidan mai uku ni kuma ina jiran adaidaita a rana. Gaskiya ne na kayar da shi. Da zai sake zama a ajina yau ma sai ya faɗi.

Saude kullum tana jiri, maƙogwaronta yana ƙaiƙayi, in ta shiga wanka ta fito idanunta jajir. Kunnenta na hagu ya fara nauyi. Ba ita kaɗai ba ce. Hafsat, maƙwabciyarmu da ke aikin jinya a asibitin koyarwa, ta ce mata huɗu a layin nan sun kawo mata kuka iri ɗaya. Na hana Saude shan ruwan, na ce a riƙa sayen na leda. Ta ce ita ba za ta wulaƙanta sadakar Hajiya Rabi ba, matar da ta yi mata wankan jego har sau biyu. In na fita sai ta kira mai ga-ruwa.

Ki auna mini ruwan nan. Ba don a ce na yi gaskiya ba, na daina jiran wannan daga mutanen Kano tun da daɗewa. Don matar nan ta daina sha ne.

Baffanki,
Muntaka

*

Fatakwal
14 ga Maris

Baffa,

Wa alaikumus salam. Na yi murna ƙwarai da takardarka, har na nuna wa yara rubutun hannunka. Muna lafiya. Ka gafarce ni da jinkiri, an tura mu cikin ruwa wajen aiki mako uku, jiya na dawo, gobe kuma zan koma.

Na sa an auna ruwan da ka aiko. Ban ga komai a ciki ba. Babu alamar mai, babu wari. Ga takardar sakamakon na haɗo.

Baffa, ka huta, kada ka sa abin a ranka. Ka kai Inna asibiti a duba kunnen. In na dawo zan rubuto da kyau, akwai abin da nake so in tambaye ka.

A gaishe da Inna Saude.

'Yarka,
Basira

*

Gyaɗi-Gyaɗi
20 ga Maris

Basira,

Bayan gaisuwa. An sha ruwa lafiya? Mu ma muna azumi yadda ya sawwaƙa. Jirin Saude ya ƙaru, shekaranjiya sai da ta dafa bango a tsakar gida.

Takardarki ta zo, kuma bari in gaya miki yadda ta zo. Mako biyar ina ce wa mutane, ku jira, 'yata tana Fatakwal, ita injinta ba ya jin kunyar kowa. Har suna suka sa mini, Malam Sakamako. Kullum bayan la'asar sai wani ya ce, "Malam Sakamako, ya labarin Fatakwal?" Ranar da Abba ya kawo ambulan ɗin ina zaune a majalisa. Ban shiga gida na buɗe ba. Wautar tsufa ta sa na miƙa wa tela, na ce, "Kai da ka fi kowa baki, karanta musu da ƙarfi."

Ya karanta. Ya kai wajen "ban ga komai a ciki ba" ya maimaita sau biyu. Ya kai wajen "Baffa, ka huta" sai majalisa ta fashe. Malam Lawan bai yi dariya ba, shi ya fi ba ni haushi, don dafa kafaɗata ya yi ya ce, "Ka ji 'yarka ma ta faɗa. Girma ya zo, a riƙa hutawa." Da yamma Alhaji Garba ya aiko mini da buhun shinkafa da katan ɗin madara, wai na buɗe-baki. Ban taɓa ganin mari a cikin buhu ba sai ranar. Na mayar. Saude ba ta yi mini magana ba kwana biyu.

Na gane abin da kike nufi da in huta. Haka shugaban makarantarmu ya ce mini shekarar da na rubuta cewa kayan ɗakin gwajinmu a takarda kawai suke. Haka aka ce mini a ma'aikatar ilimi. Duk wanda ya gaji da gaskiyata sai ya tuna ina da gajiya. Ban zaci zan ji daga bakinki ba, amma ba laifinki ba ne, kin ga tsoho da rubutu mai rawa da gorar ruwa, kin yi masa abin da ake yi wa tsofaffi.

Abu ɗaya zan faɗa. Yau da safe na tara hannu a bakin famfon, na kai hanci. Warin yana nan. Ko injinki ya yi ƙarya, ko ni na haukace. In na biyun ne, to a ɗaure ni, amma matar nan tana sha har yanzu, yanzu ma a gabana take sha, tunda takarda ta wanke ruwan.

Ba sai kin wahalar da kanki da amsa ba.

Muntaka

*

Fatakwal
2 ga Afrilu

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan jikin Inna ya yi sauƙi. Na karanta takardarka a tsaye a tasha, na zauna a kan benci na sake karantawa, na yi kuka. Wallahi da na ce ka huta, tausayin zirga-zirgarka da azumi nake ji. Ban ce hankalinka ya taɓu ba. Kuma ban ce rijiyar lafiya take ba, na ce ruwan da ya iso hannuna babu komai a ciki. Laifina ne da na rubuta a gurguje ban bambance ba.

Ga tambayar da na ce zan yi. Wa ya zuba ruwan nan a gora, kuma me aka yi masa kafin a zuba? Ruwan burtsatse na Kano na san shi. Wanda ka aiko ya yi kama da ruwan da aka tafasa, har da ɗan ƙamshin hayaƙi. Kuma gorar rabi ce.

Ka fi ni sanin wannan, amma bari in tuna maka. Abubuwan da ke cikin fetur masu narkewa a ruwa, irin su etilbenzin da benzin, ba sa zama. Da an tafasa ruwan, ko an bar shi a buɗe, ko an bar iska a saman gora ta yi kwana biyu a mota cikin zafi, sai su gudu. Alamomin da ka lissafa, jiri da ƙaiƙayin maƙogwaro da jan ido, sun yi daidai da etilbenzin, musamman in ana shaƙarsa a banɗaki rufe. An kuma ga yana lalata ji da ƙoda a dabbobin gwaji in an daɗe ana shaƙa, kuma yana cikin abubuwan da ake zargi da kawo ciwon daji, ko da yake ba a tabbatar ba a jikin mutum. Ba zan ce shi ne ciwon Inna ba. Likita ne zai duba wannan.

Na ba Abba ƙaramar kula da 'yan kwalabe shida. Akwai ɗigon ruwan magani a kowace, kada a wanke su. Ka cika da hannunka daga bakin famfo, a hankali, har ruwan ya yi tudu a baki, ka rufe, ka kifa. In ka ga ƙwayar iska ko ɗaya, ka ajiye ta ka ɗauki wata. Biyu daga famfon masallaci, biyu daga jarkar mai ga-ruwa, biyu daga randar gida. Ka rubuta a jikin kowace. Ka cika kular da ƙanƙara. Na roƙi Abba ya ƙara wata a Lokoja.

Kafin nan, don Allah kada Inna ta tafasa ruwan nan a ɗaki rufe, kuma a bar ƙofar banɗaki da sarari. Ka ce mata ni ce na roƙa.

Kada ka sake cewa ba sai na amsa ba.

Basira

*

Gyaɗi-Gyaɗi
13 ga Afrilu

'Yata Basira,

An yi salla lafiya? Allah ya maimaita mana. Saude tana gaishe ki, da kunya.

Na karanta mata tambayarki. Tana tsince shinkafa ta ce, "To ni ina na sani? Ka cika gora ka ajiye a zaure ka tafi neman direba. Na buɗe na ji wari. Yarinya rabonmu da ita shekara tara, abu na farko da zai fito daga gidan nan zuwa hannunta ya zama ruwa mai wari? Mijinta ya ce danginta ƙazamai ne?" Ta juye shi a tukunya, ta tafasa, ta tace da sabon ƙyalle, ta bar shi ya kwana a randa ya yi sanyi, sannan ta mayar. Rabin da ya ɓace tukunya ce ta sha.

Na ce, "Saude, yanzu kika ce kin ji wari."

Ta ce, "Me ka ce?" Ta juyo mini kunnen hagu da gangan.

Na ce, "Kin ji wari, amma kika bar ni ina ihu ni kaɗai a unguwa kamar mahaukaci."

Ta ce, "Kowa yana ji, Malam. Kai kaɗai ne ba ka da kunyar faɗa."

Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa jin maganar da ta bayyana mini garin nan kamar wannan ba.

Na yi miki mummunan zato, ki yafe mini. Ban saba rubuta wannan jimla ba, shi ya sa kika ga alƙalamin ya yi nauyi a wurin.

Kwalabe shida suna cikin kula. Na cika su da rana tsaka, a gaban kowa. Tela ya leƙo ya ce, "Malam Sakamako, an koma zagaye na biyu ke nan?" Na ce masa ya matsa, inuwarsa tana ɓata mini samfur. Ta farko ta yi ƙwayar iska don hannuna yana rawa, sai Hafsat ta riƙe mini gwiwar hannu. Saboda haka biyar ne masu kyau, ta randa ɗaya ce.

Wannan karon a ɗaki zan buɗe amsarki.

Baffanki,
Muntaka

*

Fatakwal
24 ga Afrilu

Baffa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ka ce wa Inna mijina ya ce da ma ta haɗo da yaji.

Kular ta iso da sauran ƙanƙara. Na sa an auna sau biyu, na biyun wani abokin aikina ne ya yi, bai san daga ina ruwan yake ba.

Hancinka ya yi gaskiya. A ruwan famfon masallaci akwai etilbenzin miligiram ɗaya da ɗigo ɗaya a kowace lita. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ita ce sifili da ɗigo uku. Ka ga ya kusa ninki huɗu. Na jarka ya ɗan ragu, na randa ya ragu sosai amma bai ƙare ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, akwai benzin ma fiye da iyaka, shi kuwa babu tantama a kan cutarwarsa ga jini. Haɗuwarsu tare alamar fetur ce. Ba daga dutse ya fito ba.

Kada kowa ya sha, kada a yi girki da shi, musamman masu ciki da yara. Tafasawa ba mafita ba ce, daga tukunya zai koma hancin mai girki. Sai an rufe rijiyar an tono tankin.

Na haɗo takarda uku masu hatimi, ɗaya taka, ɗaya ta hukuma, ɗaya ta mai gidan man. Amma Baffa, ka san mutanenmu. Don Allah kada ka shiga majalisa kana kaɗa takarda. Ba so muke su ji kunya ba, so muke su daina sha.

Basira

*

Gyaɗi-Gyaɗi
9 ga Yuni

'Yata Basira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya. Mu lafiya lau, kuma wannan karon ba don al'ada na rubuta ba. Na san kin yi ta aike wajen Abba kina tambaya. Na ƙi rubutowa ne sai magana ta ƙare. Ta ƙare.

Saude ta daina sha tun ranar da na karanta mata takardarki. Ta ce tunda Basira ce ta faɗa. Ni da na faɗa shekara guda ban isa ba, amma na haɗiye. Sauran unguwa kuwa takarda ba ta motsa su ba. Na kai ta hukuma, wani yaro mai taye a wuya ya buga mata hatimi ya ce za a duba, na san irin dubawar. Na nuna wa Malam Lawan, ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Waccan ta ce babu, wannan ta ce akwai. Wacce za mu bi? Kuma Malam Muntaka, in na hau mumbari na ce sadakar Hajiya Rabi guba ce, da wane ido zan kalli ɗanta?" Har yanzu a kan iska yake ɗora warin.

Kwana uku ina juyayi. Rana ta huɗu ina alwala da ruwan leda, sai wani karatu da na yi ina ɗan shekara tara a zauren kakanki ya faɗo mini. Ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canza da wani abu da ba nasa ba, kamar mai, ba a alwala da shi. Kowane yaro a Kano ya san wannan. Abin da ya rage a nuna warin a cikin ruwan yake, ba a iska ba.

Na je wajen Malam Lawan na ce, "Liman, na daɗe ban gai da malaminka ba, ka raka ni." Malamin nasa wani tsoho ne a Unguwar Gano, Malam Shamsuddeen, idonsa ya tafi shekara goma, kuma babu gidan mai ko ɗaya kusa da shi. Kafin mu tafi na ce wa Liman ya cika gora da hannunsa a famfon masallaci, ya rufe, ya riƙe. Ya kalle ni ya ce, "Kai dai ba ka gajiya." Na ce an sha gaya mini in huta, ban iya ba.

Muka hau adaidaita. Mun isa dab da azahar. Bayan gaisuwa tsohon ya nemi buta. Na ce, "Liman, ga ruwa a hannunka, zuba wa Malam." Ya gane inda na dosa, amma ba damar ƙi. Ya zuba. Tsohon ya tara hannu, ya kai baki zai kurkure, sai ya tofar.

Ya ce, "Lawan, wa ya zuba kananzir a butar nan?"

Liman ya ce, "Allah gafarta Malam, ruwan masallacinmu ne."

"Da wannan kuke alwala?"

Liman ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Shekara guda da wani abu, Allah gafarta Malam."

Ya ce, "Ba kai na tambaya ba." Ya juya inda yake jin numfashin Liman. "Lawan, a nan ka zauna, a kan wannan buzun, na karantar da kai babin ruwa. Ko iska ce ta kwashe shi ma?" Ashe Liman ya taɓa kawo masa ƙarata, da maganar iskar da komai.

Ban yi dariya ba, Basira. Allah ya sani na so, amma na tuna maganarki. A hanyar dawowa, da muka zo Tarauni, Liman ya juyo wajena. Ya ce, "Amma a hukunci irin wannan ruwan ana iya sha, alwala ce kawai ba a yi." Na ce, "Kai ka riƙe alwala, takardar 'yata ta riƙe sha." Ya ce, "Ba ni takardar."

Bayan la'asar Liman ya miƙe a masallaci ya faɗa. Bai ce guba ba. Ya ce Hajiya Rabi ruwa mai tsarki aka yi mata sadaka da shi, wani abu ya shiga ya ɓata, kuma duk mai ƙaunarta ba zai bari a ci gaba da rubuta mata wannan ruwan a littafin ladanta ba. Sannan ya karanta lambobinki ɗaya bayan ɗaya, har da ɗigon. Hafsat ta bi gida-gida ta yi wa mata bayani. Kafin magariba tela da kansa ya kawo kwaɗo ya rufe famfon. Ya wuce ta gabana ya ce, "Malam Muntaka, sannu." Sunana na gaskiya. Na ce, "Yauwa."

Ki duba abin nan. Shekara talatin da biyar ina koyar da sinadarai babu wanda ya saurare ni. Karatun da na yi ina da shekara tara shi ya rufe rijiya cikin yini ɗaya. Ban san ko in yi murna ko in nemi a mayar mini da shekaruna ba.

Alhaji Garba ya yi fushi mako guda, ya ce tankinsa sabo ne. Amma mutane suka daina sallah a sahun da yake tsayawa, shi kuma ba zai iya wannan ba. Ranar Asabar ta makon jiya aka kawo motar haƙa. Duk unguwa ta fito, har masu sayar da rake suka samu kasuwa. Da aka kai ƙasa, ƙasar baƙa ce, jiƙe, wari ya sa mutane suka ja baya suna toshe hanci. Aka ɗaga tankin, ga huda a gindinsa inda tsatsa ta ci, babban yatsa yana shiga. Garba ya sauka ramin da farar shaddarsa, ya sa yatsa a hudar, ya daɗe a tsugune. Da ya fito ya ce, "Malam, me ya sa ban gane ba?" Na ce, "Babin tsatsa ne, aji huɗu. Ba ka zo ba ranar." Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, idonsa da ƙwalla.

Yanzu tankar ruwa tana zuwa kullum da safe daga wajensa. Zai haƙa sabuwar rijiya can bayan makarantar Islamiyya, nesa da gidan man, kuma ya ce ba za a buɗe ba sai kin auna. Hukuma ma ta zo daga baya, da motoci biyu, aka ɗauki hoto. Masu kwashe ƙasar sun ce ruwan ƙarƙashin wurin zai daɗe bai warke ba, don haka na sa an gaya wa masu rijiya a gidajen kusa su ma su dakata.

Jirin Saude ya tafi, idon ya washe. Likita ya ce kunnen hagu ba zai dawo ba, kuma ba zai iya rantsuwa ruwan ne ko shekaru ba. Ni ma ba zan rantse ba. An ɗebi jininta da na sauran matan, nata ya fito lafiya.

Jiya Garba ya zo gidan nan, ba aike ba, shi da kansa. Ya cire takalmi a zaure, ya durƙusa a gaban Saude. An gaya masa ba ta ji sosai, sai ya ɗaga murya har maƙwabta suna leƙowa ta katanga: "Inna, ki yafe mini! Ki yafe wa Hajiya!"

Saude ta bar shi ya faɗa sau uku. Sannan ta ce, "Hajiya ba ta yi mini komai ba sai alheri. Kai kuma na yafe maka. Amma ka daina ihu, Garba, wannan kunnen yana ji."

Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuriya. Ki gai da maigidan.

Baffanki,
Muntaka